A duba ƙafar yaro kafin a ce taifot ne

Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin iyaye da masu kemis kan wani ciwon ciki da ba a cika gani ba, amma in ya zo har likita yakan ruɗa.

A wurinmu duk wanda ya riƙe ciki yana murƙususu, amsar ba ta wuce uku: taifot, olsa ko afendis. Sau da yawa kuwa hakan ne. Sai dai akwai kumburin ƙananan hanyoyin jini da garkuwar jiki ke jawowa da kanta, wanda ake kira ciwon Henoch-Schönlein, sunan wasu likitocin Jamus biyu. Ya fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 10, galibi bayan mura ko ciwon maƙogwaro.

Ɗan ƙanwata ya sha shi. Ciki yana murɗa, ga amai, gwiwa da idon sawu sun kumbura har ya ƙi taka ƙasa. An ɗirka masa maganin taifot, shiru. Har an fara zancen tiyata, sai wata likita ta ce a cire masa wando. Ashe ɗige-ɗige ne birjik daga sangali har ɗuwawu. A fatarmu ba ja suke fitowa ba, duhu ne kamar tsohon tabon cizon sauro. Sai ka shafa ka ji tudu, ka danna su da gilashin kofi su ƙi ɓacewa. Uwarsa ta gan su tuni, babu dai wanda ya tambaye ta. Wani lokaci ma ciwon cikin kan riga ɗige-ɗigen zuwa da kwanaki, shi ya sa dubawa sau ɗaya ba ta isa.

Yawanci yakan tafi da kansa cikin kamar mako 4. Amma hanji na iya zubar da jini ko ya shige cikin kansa, wannan kuwa ba ya jiran gobe. Ƙoda ita ce abin tsoro, don ba ta kuka da wuri. Ko yaro ya koma ƙwallo, a riƙa gwada fitsarinsa da auna hawan jini har wata 6.

Masu kemis, don Allah ku daina miƙa ibuprofen ko diclofenac ga yaro mai irin wannan ciwon ciki, musamman in kashinsa ya yi baƙi ko fitsarinsa ya koma launin shayi. Ku tura shi asibiti.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya