Zuwa Ga Yaya, Kan Jinyar Baba

Manchesta, Ingila
Daren Lahadi

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya mai jiki? Ya ƙoƙari, ya zirga-zirgar asibiti? Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce, ku kuma Ya biya ku da mafificin alheri. Rubutowa na yi maimakon kira, domin duk sanda na same ka, ko kana bakin gadonsa ko kana layin biyan kuɗi, ga shi akwai maganar da ba ta faɗuwa a gabansa. Ka karanta a natse, abin da ya kamata Umma ta ji ka isar mata.

Labarin da Auta ta ba ni na ranar Juma'a shi ne abu mafi daɗi da na ji tun da aka kwantar da Baba. Ta ce bayan an sauko daga masallaci kuka hallara gaba ɗaya, 'yan ɗakinmu na Umma da 'yan ɗakin Inna, aka shimfiɗa tabarma a barandar ɗakin maza, aka buɗe kula biyu, tuwon Umma da dambun Inna, aka haɗa aka ci ba a tambayi na wane ɗaki ba ne. Ta ce Inna da hannunta ta zuba wa Umma shayi daga filas, har ta tsaya sai da ta ga ta shanye. Yaya, kai ka san rabon gidanmu da irin wannan zama. Ka san kuma shekarun da Baba ya kwashe yana roƙon a yi shi, ana ce masa to. Ta ce da yara suka yi dariya a waje, sai ya juyo da kansa wajen taga. Don Allah kada a bar wannan ya zama na rana ɗaya. A mayar da shi na kowace Juma'a, a buɗe masa tagar ya riƙa jin muryoyinku, in ma'aikatan jinya sun yarda a riƙa shigar masa da jikoki bibbiyu su gaishe shi su fito.

Sai abin da na gani da idona ranar Alhamis, lokacin da Auta ta riƙe mini wayar. Hannunsa na dama yana ajiye kan zanin gado, carbin ya koma hagu, yana jansa a hankali. Kawu yana tsaye daga wajen kansa yana lissafa kuɗin hoton ƙwaƙwalwa da bashin da ake bin shago, da ƙarfi, kamar ba kowa a gadon. Baba ya runtse ido, ya bar jan carbin, ya kau da fuska bango. Yana ji, Yaya. Aikina ke nan a gidan kula da tsofaffi, kullum ina tare da masu shanyewar ɓarin jiki. In ciwon ya kama ɓangaren dama yakan taɓa magana, amma da yawansu suna fahimtar abin da ake faɗa, bakin ne kawai ya ƙi ba su haɗin kai. Mutumin da ya ciyar da gida biyu da cinikin atamfa a Kantin Kwari, bai kamata ya kwanta yana jin ana lissafin abin da aka kashe a kansa ba. Ni ba zan iya gaya wa Kawu ba, ba girmana ba ne. Kai ka ja shi gefe cikin ladabi. Maganar kuɗi a yi ta a baranda ko a bakin masallaci.

A maimakon haka, ka riƙa kai masa labarin kasuwa. Ka gaya masa wanda ya zo shago ya tambaye shi, wane kaya ya shigo, wane ya ƙi tafiya. Ka nemi shawararsa da tambayar da amsarta i ce ko a'a, ka sa hannunka cikin nasa na hagu ya matsa maka. In ya fara kalma ya maƙale, ku jira shi, kada a yi saurin ƙarasa masa. Jiran yana da wuya, na sani, amma shi ne maigida har gobe. A kawo masa ƙaramar rediyonsa ma, ya ji BBC Hausa da asuba kamar yadda ya saba.

Masu dubiya kuwa, Allah Ya ba su lada, zumunci suka yi. Sai dai cika ɗaki da la'asar, a yi cirko-cirko a kansa, kowa yana ɗaga murya yana tambayar ko ya gane shi, yana gajiyar da shi. A riƙa shiga kaɗan-kaɗan, a yi masa addu'a a fito. Wanda yake son taimakawa da gaske, a ba shi kwanan dare ɗaya. Lemo da ayaba sun yi yawa a ƙarƙashin gadon, masu kwana ne suka yi kaɗan.

Wannan ta kawo ni kan Umma. Na ga ƙafafunta a wayar, sun kumbura har takalmin ya shata mata. Ita ma fa tana da hawan jini, kuma na tabbata ba ta shan maganinta a kan lokaci. Ba za ta taɓa cewa ta gaji ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Yaya. Ka zauna da sauran ku tsara: dare na maza, kai da ƙannenka na ɗakuna biyun, rana kuma Umma da Inna su riƙa karɓa-karɓa, Goggo ta shigo tsakani. In ka ce wa Umma ta je ta huta ba za ta je ba. Ka ce mata Baba ya fi shan kunun da ta dama da hannunta a gida, za ta tafi.

Ga wasu abubuwa na jinyar, ka nuna wa duk wanda zai kwana. A riƙa juya shi duk bayan awa 2, har cikin dare, a duba ƙugunsa da dugadugansa da kafaɗa. In an ga wuri ya yi duhu ko ya yi zafi, a kira nas nan take, domin haka gyambon kwanciya yake farawa, kuma in ya buɗe warkewarsa aiki ce. Kada a ba shi komai yana kwance. A tayar da shi zaune sosai, cokali ƙarami, a bar shi ya haɗiye kafin a ƙara, bayan ya gama ma ya ɗan jima a zaune. Ruwa tsinkakke ya fi saurin sarƙe su a kan kunu mai kauri, kuma abin da ya sarƙe yana iya gangarawa huhu ya zama wani ciwon. Saboda haka rubutun da Kawu yake kawowa, a tambayi likita kafin a ba shi ya sha, a yanzu a shafa masa ya wadatar. Gishiri a rage. Masu gashin ƙashi in sun zo, wani ya tsaya ya koyi yadda suke motsa masa hannu da ƙafa, don watannin farko su ne jiki ya fi saurin dawowa. Kuma kada a ja shi ta hannun da ya shanye in za a ɗaga shi, kafaɗar tana iya gocewa.

Sallah na san tana ransa fiye da komai. Ku riƙa sanar da shi in lokaci ya yi, a taimaka masa da alwala ko taimama. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. In za ka yi taka, wani lokaci ka yi ta kusa da gadon, ka ɗan bayyana karatun ya ji.

Batun zuwana, na nemi hutu. Bizar tawa a ɗaure take da wurin aikin, ba zan iya ajiyewa in taho haka kawai ba, ga shi Disamba ce, ma'aikata sun yi ƙaranci, tikiti kuma ya yi tsada. Ina sa ran Janairu in sha Allahu, ta Alƙahira ko ta Addis Ababa in sauka Kano. A nan magariba tana yi kafin ƙarfe 4, dare ya yi tsawo, ina ba tsohon wasu abinci a baki hankalina yana kan nawa. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Shi ya sa nake roƙonka, kai dai kada ka ɓoye mini komai. In jikin ya motsa, ka kira ni ko ƙarfe nawa ne. Na fi son in ji daga bakinka da in tsinta a gurin wani.

Yanzu kuna gabanmu da awa ɗaya. Ina tashi aikin dare ƙarfe 8, wato 9 a wajenku, daidai an gama gyara shi. A sa masa wayar a kunne in gaishe shi, ko bai amsa ba. Gobe zan turo kuɗi, na magani daban, na kuɗin motar masu kwana daban. Ka ɗauko mini hoton takardar magungunan da aka rubuta masa, da awon jininsa na safe da na yamma.

Ka gaida Umma da Inna, ka ce ina neman addu'arsu. Ka gaida Goggo da Kawu da Anti da yara. Auta kuma a bar ta ta koma makaranta ranar Litinin, ta zo da yamma.

Wassalam,
Ƙanwarka