Wasiƙar Ƙarshen Zango: Idan Yaro Ya Yi Laifi a Makaranta, Wa Za a Kira?

Zuwa ga iyaye da masu riƙon yaranmu,

Assalamu alaikum. Muna fatan wannan takarda ta same ku lafiya, ku da iyalanku baki ɗaya. Kun saba wasiƙar ƙarshen zango ta buɗe da labarin jarrabawa da wasanni. Wannan karon na mayar da su can ƙasa, domin akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun makonni uku da suka wuce, kuma na ga ya fi kyau ku ji ta daga bakina kafin ku ji ta a bakin ƙofar makaranta, inda labari yakan ƙara tsawo.

Ranar wata Talata, lokacin hutun safe, yara biyu 'yan aji biyu suka yi faɗa a kan abin fiƙe fensir. Dukansu shekarunsu bakwai, kuma benci ɗaya suke zama. Ɗaya ya fusata ya wurga wa ɗan'uwansa ƙaramin akwatin ƙarfe da yake ajiye fensir a ciki, ya same shi a saman gira. Jini ya zuba sosai, kamar yadda raunin goshi yakan yi, sai da aka kai shi asibiti aka yi masa ɗinki. Da malamar ajin ta dawo neman wanda ya yi jifar, ta tarar da shi a ƙarƙashin benci ya ƙanƙame gwiwoyinsa, ya jiƙa wandonsa. Abin da ya fara tambayarta shi ne ko abokinsa ya mutu.

Washegari mahaifin yaron da aka ji wa ciwo ya zo ofishina ransa a ɓace. Ya ce daga nan caji ofis zai wuce, sai an kulle yaron nan ko a kulle ubansa. Wallahi ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya kawo ɗansa makaranta lafiya da safe, aka kira shi da rana ya same shi da bandeji a fuska, yana da haƙƙin ya yi fushi, kuma yana da haƙƙin ya tuhume mu, domin a hannunmu abin ya faru. Na roƙe shi ya ba ni kwana biyu. Gidajen biyu sun yarda in kawo muku wannan labari ba tare da suna ba, ina kuma roƙon waɗanda suka gane yaran su bar zancen a cikinsu.

Inda wannan hanya take kaiwa

Dalilin da ya sa na roƙe shi kwana biyun nan shi ne, akwai ƙasar da ta bi wannan hanya har ƙarshenta, kuma abin da ta tarar a can yana rubuce. A shekarar 1994 Amurka ta yi dokar da ta wajabta korar duk ɗalibin da ya shigo makaranta da bindiga na tsawon shekara guda. Niyyar mai kyau ce. Amma makarantu da yawa suka faɗaɗa tsarin, suka mayar da shi na ba-sani-ba-sabo a kan kowane irin laifi. Bayan harin makarantar Columbine a jihar Kolorado a 1999, inda ɗalibai biyu suka kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya, aka ƙara yawan 'yan sandan da ke zama a cikin makarantu. An kawo su ne domin tsare yara daga masu makami. Sannu a hankali sai ya zamana su ake kira idan yaro ya ƙi zama, ko ya yi wa malami tsiwa, ko ya kwanta yana birgima.

A 2010, a birnin New York, an sa wa wata yarinya 'yar shekara 12 ankwa, aka fita da ita daga makaranta zuwa ofishin 'yan sanda, saboda ta yi rubutu a kan teburinta da alƙalamin da ake iya gogewa. Abin da ta rubuta kuwa, cewa tana ƙaunar ƙawayenta. A jihar Teksas an daɗe ana rubuta wa ɗalibai takardar sammaci zuwa kotu saboda damun aji, iyaye su je su biya tara, sai a 2013 majalisar jihar ta taka wa abin birki.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na birnin Orlando a jihar Fulorida, cikin watan Satumba na 2019. Yarinya 'yar shekara shida ta yi rigima a makaranta, ta kai wa ma'aikata duka da shuri. Lokacin da ɗan sanda ya iso ta riga ta huce, tana zaune a ofis. Duk da haka aka ɗaure mata hannuwa ta baya da igiyar roba, aka sa ta a mota tana kuka tana roƙon a sake ba ta dama. An ɗauki hotonta da zanen yatsunta kamar yadda ake yi wa masu laifi. Kakarta ta bayyana cewa yarinyar tana fama da ciwon da ke katse mata numfashi cikin barci, don haka ba ta samun isasshen barci. Daga baya an sallami ɗan sandan daga aiki, mai gabatar da ƙara ya ƙi ci gaba da tuhumar, kuma a 2021 jihar ta yi dokar hana kama yaron da bai kai shekara bakwai ba, sai a kan manyan laifuffuka na amfani da ƙarfi. Ku lura: sai da aka zauna aka yi doka kafin a daina kama 'yan shekara shida.

Kuma ba tsiraru ba ne. Alƙaluman Ma'aikatar Ilimi ta Amurka na shekarar karatu ta 2011 zuwa 2012 sun nuna an miƙa ɗalibai kusan 260,000 ga jami'an tsaro, an kama kusan 92,000. Ɗalibai baƙaƙen fata su ne kashi 16 cikin ɗari na 'yan makaranta, amma su ne kashi 31 na waɗanda aka kama. Yara masu naƙasa kuwa, waɗanda ba su wuce kashi 12 ba, su ne kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Wannan na ƙarshen ya kamata kowane malami ya tsaya a kansa. Yaron da ba ya ji sosai, ko wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, ko wanda harshensa bai buɗe ba balle ya faɗi abin da ke damunsa, shi ne ya fi saurin fusata, kuma shi ne ya fi saurin faɗawa hannun hukuma.

Abin da dokoki suka ce game da shekaru

Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka amince da ita a 1989, ta nemi kowace ƙasa a sashe na 40 ta tsayar da shekarun da idan yaro bai kai su ba, ba za a ɗauke shi mai iya karya dokar manyan laifuffuka ba. Sashen ya kuma nemi a samar da hanyoyin warware matsalar yara ba tare da zuwa kotu ba, duk inda hakan ya dace. A 2019 kwamitin da ke sa ido a kan yarjejeniyar ya ba da shawarar kada shekarun su gaza 14. Ƙasashe sun bambanta. A Jamus 14 ne, a Ingila 10, Sikotland ta ɗaga nata daga 8 zuwa 12. A dokokin laifuffuka na Najeriya, yaron da bai kai bakwai ba ba ya ɗaukar alhakin laifi ko kaɗan, wanda bai kai 12 ba kuma sai an tabbatar yana da hankalin gane abin da ya aikata.

Masu ilimin ƙwaƙwalwa sun bayyana dalilin. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke sa mutum ya danne fushi, ya hango ƙarshen abu kafin ya aikata, shi ne yake makara wajen nuna, ba ya kammala sai mutum ya haura shekara ashirin. Yaro ɗan bakwai ya san jifa ba kyau. Abin da bai mallaka ba tukuna shi ne ƙarfin tsayar da hannunsa a daidai lokacin da zuciya ta ɗebe shi. Iyayenmu da suka ce yaro bai san wuta ba sai ya taka, wannan suka gani.

Wani zai ce, to ai tsoron hukuma zai gyara shi. Na so a ce haka ne, da aikinmu ya yi sauƙi. A Jami'ar Edinbara, Lesley McAra da Susan McVie sun bi rayuwar yara kusan 4,300 da suka shiga sakandare a 1998, shekara da shekaru. Sun gano cewa tsakanin yaran da laifinsu ya yi kama da juna, waɗanda aka fi zurfafa da su cikin tsarin shari'a su ne suka fi wuyar daina laifi, kuma korar yaro daga makaranta tana cikin manyan abubuwan da ke tura shi ga hukuncin kotu daga baya. Wannan ya yi daidai da abin da na gani a shekarun da na yi ina koyarwa. Yaron da aka laƙaba wa suna ɓarawo ko ɗan ta'adda a gaban 'yan ajinsu, sunan yakan riga shi shiga kowane aji, malamai su tarbe shi da shi, har wata rana shi ma ya yarda cewa sunansa ke nan.

Matsayar makarantarmu

Bayan zama da malamai da kwamitin ladabtarwa, ga inda muka tsaya. Faɗan yara, zagi, ƙiriniya, lalata kayan aji, ɗaukar kayan wani, ƙin bin umarnin malami, duk waɗannan aikinmu ne mu da ku, ba za mu kira 'yan sanda a kansu ba. Kada kowa ya fahimci wannan a matsayin sakaci. Yaron da ya yi laifi zai fuskanci wanda ya zalunta, ya ji da kunnensa irin ciwon da ya jawo, ya ba da haƙuri, ya gyara abin da ya ɓata. Za a kira iyayensa a ranar, ba sai an tara laifuffuka ba. Idan abin ya maimaitu za mu zauna da ku mu binciki tushensa: yana barci? Yana gani da ji yadda ya kamata? Akwai wanda ke cin zalinsa? Wani abu ya sauya a gida? Sau da yawa amsar tana cikin waɗannan tambayoyi.

Akwai kuma inda ba za mu yi shiru ba, kuma gara in faɗa tun yanzu. Idan aka shigo da makami, ko miyagun ƙwayoyi, ko aka ci zarafin yaro ta hanyar lalata, ko babba ya cutar da yaro, ko da malaminmu ne, za mu sanar da hukuma. A irin wannan hali ma, idan wanda ake zargi ƙaramin yaro ne, tambayarmu ta farko ita ce wane babba ne ya sa abin a hannunsa. Kuma ba za mu yarda a yi wa ɗalibinmu tambayoyi a harabar makaranta ba sai mahaifinsa ko mai riƙonsa yana zaune.

Ina da roƙo gare ku. Idan an ji wa ɗanku ciwo, ku fara zuwa wurina. Ba za mu ɓoye muku komai ba, ba kuma za mu kare ɗan wani saboda matsayin ubansa ba. Idan ɗanku ne ya yi laifin, kada ku zo da shirin musu, ku zo da shirin gyara. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma kuma ba a rufe shi da riga a ce lafiya lau yake. Sannan don Allah a rage tsorata yara da cewa za a kira musu ɗan sanda idan sun ƙi wanka ko sun ƙi barci. Yaron da ya tashi da wannan tsoro, ranar da ya ɓata a hanya zai gudu daga mutumin da ya kamata ya nufa.

Game da yaran nan biyu: bayan kwana biyun, mahaifin wanda ya yi jifar ya je gidan ɗayan da kansa, ya ɗauki nauyin magani. Mun zaunar da yaran a ofishina tare da iyayensu. Wanda ya yi jifar ya kasa ɗaga kai, sai da abokinsa ya ɗaga bandejin ya nuna masa ɗinkin, sannan ya fashe da kuka. An hana shi fita wasa na mako biyu, kuma shi ya riƙa kwafa wa abokinsa darussan da ya rasa. Mahaifin da ya yi niyyar zuwa caji ofis bai je ba, ina kuma gode masa a gaban kowa. Mu ma mun karɓi namu laifin: a wannan lokacin babu malami a ajin. Daga zango mai zuwa ba za a bar ƙananan azuzuwa babu babba ba, ko da lokacin hutu ne.

Sauran sanarwa

An kammala jarrabawa lafiya. Za a miƙa sakamako hannu da hannu ga iyaye ko masu riƙo a ranar rufe makaranta, ba za a ba yara su kai gida ba, domin malaman aji suna son ganawa da kowa ko da na minti biyar ne. Muna taya 'yan aji biyar murnar lashe gasar karatu da ta tsere, da malaman da suka shirya su.

Taron iyaye da malamai zai kasance Asabar ta biyu bayan dawowa hutu, da safe. Za mu raba daftarin sabuwar ƙa'idar ladabtarwa a wurin, kuma ba za ta fara aiki ba sai kun karanta kun faɗi ra'ayinku. Wanda yake ganin mun yi sassauci da yawa, shi na fi so ya zo. Wanda ba zai samu zuwa ba yana iya aiko da nasa a rubuce ta hannun malamin ajin ɗansa, ko ya same ni a ofis kowace safiya kafin a shiga aji.

Allah Ya raya mana yaranmu, Ya shirya su, Ya ba mu ikon sauke amanarsu. A yi hutu lafiya.

Taku,
Shugabar Makaranta