Filin innarku da bashin banki

Tawa, daren Lahadi

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya, kai da uwar yara da jikokina. Mu nan lafiya lau, sai sanyin hunturu da ya fara shiga ƙashi.

Daren Alhamis ka kashe waya ranka a ɓace, na ji a muryarka. Ban ƙi sa hannu don in hana ka gida ba. Shekara tara kana biyan haya a Yamai, mai gida yana yi maka ƙari duk lokacin da ya ga dama, na san zafin wannan. Amma maganar waya iska ce, shi ya sa na ɗauki alƙalami, don ka karanta a natse, ka kuma karanta wa matarka.

In na fahimce ka daidai, banki ya yarda ya ba ku sefa miliyan 15, a biya cikin shekara 15, ruwa 9 cikin 100. Tunda aikinka na ƙungiyar agaji kwantiragi ne na shekara-shekara, bashin zai fito da sunan matarka, ita da take ma'aikaciyar gwamnati mai lamba. Albashinta zai riƙa faɗawa a bankin, kai ka tsaya mata, a jinginar da filin innarku na Kwara Tegi. Ka ce saura sa hannuna da na ƙannenka, "takarda ce kawai, Baba".

Kana yaro lokacin da aka sami filin nan, bari in tuna maka. A shekarun 1990 ma'aikatan ƙasar nan sun yi ta aiki wata da watanni ba albashi. Innarka tana koyarwa, ina koyarwa, mu wayi gari mu tafi lakwal ba mu san abin da za a ɗora a murhu ba. A farkon shekarun 2000, zamanin shugaba Tandja, aka fito da tsarin ba ma'aikata filaye a madadin albashin da suke bi. Mutane da yawa sun sayar da takardunsu da arha, don yunwa ba ta jira. Innarku ta ƙi. Ta naɗe takardar cikin leda ta sa a ƙasan akwati, ta ce wannan allin da ta sha ne, na yaranta ne. Yaranta ta ce, ba ta ware ɗaya ba.

Tun da Allah Ya yi mata rasuwa ba mu raba gadonta ba, wannan kuwa laifina ne. Na ga kamar in na taɓa akwatin na sake binne ta. Rabon ba wuya gare shi, tunda iyayenta sun riga ta: ni miji ina da rubu'i, abin da ya rage kai kashi biyu, ƙannenka mata kashi ɗaya-ɗaya. In aka yi wa filin kuɗi miliyan 8, nawa 2, naka 3, kowace cikinsu ɗaya da rabi. Ka ga abin da ka mallaka bai kai rabi ba. Ƙanwarka ta Maradi za ta sa maka hannu ko da tsakar dare ka tashe ta, don kunya da ƙauna, kuma shi ne abin da nake tsoro. Auta kuwa shekararta 16, doka ba ta san hannunta ba, nawa za a nema a madadinta. Ranar da aka kasa biya, wusiye, mai zartar da hukuncin kotu, ba ya tambayar wane ɓangare ne na yarinyar da take lise. Kotu ce za ta sa a yi gwanjon fili da ginin da ke kansa gaba ɗaya. Ba zan iya tsayawa gaban Allah in ce na jinginar da rabon yarinya don yayanta ya yi bene ba.

Takardar ma da ke cikin akwatin, ta meri ce, wato ofishin magajin gari, wadda ake ce wa akti da sesiyo. Dokar jingina ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda aka sabunta a 2010 kuma Nijar take aiki da ita, ta ce gida ko filin da aka yi wa rajista ne kaɗai ake jinginarwa, wato mai titir fonsiye. Shi kuwa daga ma'aikatar haraji yake fitowa, sai an auna fili an kafa duwatsun iyaka. Tun 2006 aka kawo sauƙaƙƙen titir da ake kira Sheda don talaka ya iya samu, amma duk da haka da kuɗi, da zirga-zirga, kuma ba a fitar da shi da sunanka alhali takardar tana da sunan marigayiya. Sai an yi taron dangi an rubuta, an karɓo takardar gado a kotu, an je wurin noter, mai tabbatar da takardun yarjejeniya bisa doka. Ma'aikacin bankin da ya ce maka "za mu daidaita duk wannan" kuɗinsa cikin bashinka zai fito. Kafin komai ma, ka je da ƙafarka ka duba rajistar meri, ka tsaya a kan filin, don Yamai an sha ganin fili ɗaya da takarda biyu, mu kuwa mun shekara da yawa ba mu leƙa ba.

Yanzu maganar da ta fi hana ni barci, maganar matarka. Yarinyar nan ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, na kuma san in ka ce ta sa hannu za ta sa. Amma ka zauna ka yi tunani a matsayinta. Shekara 15 ana yankar albashinta tun kafin ta gan shi, gida kuwa da sunanka. Ba na yi muku fatan sharri, sai dai na ga aure ya mutu, na ga an ƙaro mata, na ga mutuwa ta zo ba sallama. In ka riga ta, tumuni ne rabonta cikin gidan da guminta ya gina, in da kishiya su raba tumunin. Asiransin mutuwa da banki yake tilastawa, wanda aka rubuta sunansa kaɗai yake rufewa. In ita aka rubuta, kai ka faɗi, bashi yana nan daram a kanta, ga marayu. Dukiyar mace tata ce a addininmu, aure ba ya mai da ita ta miji. In kuɗinta zai shiga ginin, sunanta ya shiga titir gwargwadon abin da ta zuba, a rubuta a gaban noter, asiransi kuma ya rufe ku ku biyu. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, umurni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, ba ta kuma cire ƴan gida ɗaya ba.

Kai ma da za ka tsaya mata, kada ka ɗauka sa hannun ladabi ne. A dokar nan, wanda ya tsaya wa mai bashi ana iya bin sa kuɗin duka kamar shi ya ci.

Na ɗauki fensir na yi lissafin da ba ka yi mini ba. Miliyan 15 a ruwa 9 cikin 100, shekara 15, kowane wata jika 152 ne, wato sefa dubu 152, da ɗan ɗoriya. Wata 180 ke nan, jimla ta haura miliyan 27. Fiye da miliyan 12 ruwa ne tsantsa, ba a sa asiransi ba, ba kuɗin dosiye, ba noter, ba rajistar jingina. Ka ce albashin matarka jika 210. Bankuna sun saba tsayawa a kashi ɗaya cikin uku na albashi, nata jika 70 ke nan. To sauran jika 82 daga ina? Daga aikin da kai kanka ba ka san ko za a sabunta maka shi a Disamba ba. Ka ga abin da ya faru a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da kuɗin tallafin ƙasashen waje, da bakinka ka lissafa mini abokan aikinka da suka koma gida. Ka tuna kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi, yadda mutum yake da kuɗinsa a banki amma sai abin da aka ƙayyade masa zai cira, har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage. Ranar da kwantiraginka ya tsaya, banki zai ci gaba da neman jika 152, gidanku ya rage da jika 58, ga yara uku, ga lakwal, ga wuta da ruwa.

Ni na taɓa shiga irin wannan ramin. A 1992 na ci bashi a wani banki don in gina gidan nan da ka girma a ciki. Na yi lissafi da albashin da ke rubuce a takarda. Albashi ya daina zuwa, bashi bai daina ƙirga kwana ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, siminti da kwano da ƙarfe suka tashi, kuɗin da na ware na rufi bai kai ko'ina ba. Damina biyu ginin ya yi a buɗe, ruwa yana cin bango. Shanun innarka uku, waɗanda ta zo da su daga gidansu, su aka kai kasuwa aka fanshe ni. Ba ta taɓa yi mini gori ba har ta koma ga Allah, ni kuma ban taɓa rubuta mata ko ɗaki ɗaya ba. Abin yana ci na har yau. Ba na so ka kai shekaruna da irin wannan nauyi a ƙirji.

Batun ruwa kuma, ka san ra'ayina, na ci na yi nadama. Ka leƙa Bankin Musulunci na Nijar ka tambayi murabaha, inda banki yake sayen kayan gini ya sayar maka da riba sananniya, a biya kaɗan-kaɗan. Su ma za su nemi jingina, kuma ba lalle ya fi arha ba, don haka ka kai takardar wurin malamin da ya san fiƙihun ciniki ya duba. Ka leƙa bankin gidaje, BHN, da aka buɗe a ƙarshen 2018. Duk inda ka shiga, ka ce a rubuta maka jimlar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe da komai a ciki, da jadawalin kowane wata, da tarar makara, da abin da za a caje ka in ka biya kafin wa'adi. Kuma ka sani bankunan yankinmu suna da rumbun bayanai ɗaya na masu bashi, in sunan matarka ya ɓaci a wuri ɗaya ya ɓaci ko'ina.

Ga abin da nake ganin za mu yi. Ka zo hutun ƙarshen shekara, ƙanwarka ta zo daga Maradi da mijinta, a kira kawunku da liman. A sa mutum uku da suka san farashin unguwar su yi wa filin kuɗi. Cikin miliyan 5 da ka ce ka tara, ka sayi rabon ƙannenka, kuɗi hannu. Na Auta, da izinin alƙali, a ajiye mata da sunanta, ba mai taɓawa. Rubu'ina kuwa ka biya ni a hankali, ba ƙarin ko dala, a rubuta. In na mutu ba ka gama ba, abin da ya rage ya shiga gado a raba da su. Daga nan sai a fitar da titir da sunanka da na matarka.

In ya zama dole a ci bashi, a ci wanda jika 70 za ta ɗauka, wajen miliyan 7 ke nan a kan sharuɗɗan da ka faɗa. Ba zai yi bene ba. Zai yi katanga, ɗaki biyu da falo, makewayi, a ja ruwa da wuta, ku shiga ku huta da haya. A zuba tushe mai ƙarfi tun yanzu yadda zai ɗauki sama nan gaba, a kuma ɗaga daɓe, ka ga abin da ruwan 2020 da na 2024 suka yi wa Yamai. Duk shekarar da aka sabunta maka aiki, kuɗin hayar da ka daina biya da rarar albashinka su tafi ga rage uwar bashi ko buga bulo. Shekarar da ba a sabunta ba, ba wanda zai buga muku ƙofa.

Na san za ka ce siminti yana tashi, jira asara ne. Haka ne, yana tashi. Wata shida ko takwas na gyaran takardu za su ci maka wani abu, na yarda, kuma na ɗauki rabin kuɗin noter da na kotu daga fanshona, tunda jinkirin rabon daga gare ni ya fito.

Ka ce wa uwar yara ta kira ni da kanta, lokacin da ba ka kusa, ina so in ji ta bakinta. In za ka zo ka taho da takardar da bankin ya ba ka, duk shafukanta, har da masu ƙananan rubutu. Akwatin innarku yana nan inda ta bar shi, ban buɗe ba, sai kun taru. Na ba direban motar Talata cuku da albasa ya kawo muku, ka aiki yaro tasha da la'asar.

Auta tana gaishe ku. Allah Ya yi muku albarka, Ya jiƙan innarku.

Mahaifinka