Kada ka kunna wutar gidan nan sai na ga wayar

Gadarif, daren Laraba

Ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya a gidanmu na Wad Madani, babban birnin jihar Jazira ta Sudan. Mu nan alhamdu lillahi, ƙafar innarka ta yi sauƙi, yaranka ƙalau, ƙaramar ba ta da zance sai yaushe Abba zai zo ya ɗauke su. Hotunan da ka turo na gani. Na daɗe ina kallon bangon ɗakin tsakiya, yadda aka bi shi da guduma aka zare waya tun daga tablon, wato akwatin makullan wuta, har makunnin ƙarshe, kamar mahauci ya zare jijiya daga nama. Ƙofofi da tagogi kuwa tun ranar da yaƙi ya fito da mu a Disambar 2023 na sallama su. Allah ya mayar mana da alheri.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Gwaggonka ta kira jiya, ta ce ka gama magana da wani mai gyaran wuta da kuka haɗu wajen mai shayi a bakin kasuwa, har ka tura masa rabin kuɗin ta manhajar banki ta Bankak. Wai shi zai kawo wayar da kansa, yana da inda yake samunta da araha. Ta ce so kake ka kwashi matarka da yara kafin ruwan farko. Ka san halinta, takan ƙara gishiri. In ba haka ba ne, ka yafe mini. In haka ne, zauna ka karanta takardar nan har ƙarshe.

Wane ne shi? Ɗan gidan wa? A wane masallaci yake salla? Tun da sojoji suka karɓe garin a Janairun 2025 mutane ke ta komawa, kowane gida na neman magini da kafinta da mai famfo, ga ƙwararrun da muka sani wasu na Masar, wasu na Bur Sudan, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Duk wanda ya tsinci sukudireba yanzu sunansa usta, wato gwanin sana'a. Ban ce mutuminka macuci ba ne, ƙila mai iyali ne da yunwa ta koya wa sana'a a wata uku. Amma tausayinsa ba zai sa in ba shi bangon da jikokina za su jingina ba.

Magini da kafinta ba su dame ni sosai ba. Wanda zai yi maka kwano, je ka ga rufin da ya yi wanda ya ci damina ɗaya, ka tambayi matar gidan, ita ce ke tara kwanoni in yana yoyo. Tsagar bangon gabas tsohuwa ce, baƙar lakar Jazira ce ke kumbura da damina ta tsuke da rani, kada wani ya tsorata ka ya ce sai an rushe ɗakin. Mai famfo in ya yi kuskure, ruwa zai tona shi kafin sati. Duk waɗannan ɓarnarsu a fili take, asarar kuɗi ce kawai. Mai wuta shi kaɗai ne ke binne kuskurensa cikin bango, a shafe da siminti, a yi fenti, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, abin ya kwanta yana jiran ranarsa.

Ba sai na gaya maka abin da ya faru a gindin mukayyif ɗin ɗakin tsakiya ba, na'urar nan mai sanyaya ɗaki da ruwa. Kana wurin, shekararka tara. Har yau innarka ba ta iya zuba wa mukayyif ruwa da hannunta, kai ma ka lura. Dangi sun ce ni na jawo, don na ba wa ɗan abokina aikin saboda ya rage mini kuɗi. Sun manta a shekarar auduga ba ta yi ba, baki goma sha ɗaya nake ciyarwa, ga jinyar kakarka. Wa ya taɓa gaya mini akwai wata waya ta uku da ake kaiwa ƙasa? Na ga fitila ta kama, fanka na juyawa, na ce aiki ya yi. Ƙaddara ce, na yarda, amma ni ne na kai hannu aljihu na biya shi, kuma da wannan nake kwana nake tashi.

Shi ya sa daga baya na bi masu sana'ar ina tambaya kamar ɗan makaranta, kuma ga abin da na riƙe. Mukayyif jikinsa ƙarfe ne, cikinsa ruwa, haka injin da ke jan ruwa zuwa tanki. In waya ta goge ta taɓa jikin, wutar nan mai ƙarfin volt 230 tana nan tsaye a kai, ba hayaƙi ba ƙara, sai wanda ya taɓa da jiƙaƙƙen hannu. Wayar ƙasa ce ke ɗauke ta ta kai ga sandar da aka kafa a ƙasa. Su kuma makullan tablon na yau da kullum ba sa faɗuwa sai kaya sun yi wa layi yawa ko wayoyi sun haɗu, ba ruwansu da mutum. Akwai wani daban mai yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, za ka ga an rubuta 30 mA a jikinsa, da ɗan maɓallin gwaji. Tambayi mutuminka waɗannan biyun. In ya ce ai ba a damu da su ba a nan, ko ya yi dariya, sallame shi a ranar.

Sai wayar arahar nan. Ɗana, daga ina kake jin take fitowa? Daga bangayen mutane irin namu, ƙila ma tamu ce za a sayar maka. Haramcinta kaɗai ya isa. Bayan haka gutsattsari ce, a ƙulla nan a naɗe da tef can, kuma a wajen ƙullin take ɗaukar zafi cikin bango. Ko sabuwa ce a naɗe, kankare bakinta da wuƙa. In ja ce har ciki, jan ƙarfe ce. In ta yi fari, alminiyam ne aka yi wa riga. Ka saya da kanka a shago mai ƙofa, wanda za ka iya komawa gobe: mai kaurin 1.5 don fitilu, mai kaurin 2.5 don soket, abin da ya fi nauyi a ja masa layinsa da mai kauri. Kada ya shafe bango sai ka ga kowane layi da idonka.

Kai tun kana yaro haka kake, kunyar cewa a'a ta fi ƙarfinka. Mutum ya sha shayi da kai sau biyu, ya kira ka ɗan'uwa, shi ke nan ka buɗe masa aljihu. Da babur ɗin nan ma haka aka yi. Yanzu kai uba ne, ba a yi wa rayuwar 'ya'ya kara. Me kake sauri a kai? Ɗakin da muke ciki a nan ƙunci ne, na sani, na kuma san matarka ta gaji da zaman gidan surukai, amma ba wanda ya kore su. Wallahi in ka zo ɗaukar yaran nan ban ga abin da na ce ba, sai dai ka ɗauke su ta kaina.

Na yi zafi, yi haƙuri. Na san kai kaɗai ka shiga gidan nan ka share shi, abin da ni ban iya ba. Je wurin liman bayan magariba, ka tambayi dattawan unguwa da suka riga ka komawa wa ya yi musu aiki, ka shiga gidajen ka gani. In kun daidaita ku yanke jinga a gaban mutum biyu, a rubuta, ai ayar bashi ta cikin Baƙara ba don 'yan kasuwa kaɗai ta sauka ba. Kafin alƙalami kaɗan, sauran kashi-kashi yadda aiki ke tafiya, ranar da ya gama kuma ka cika masa kafin guminsa ya bushe, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya umarta. Wanda ka riga ka tura wa kuɗi, nemi abinka da lalama. In ya hana, bar shi da Allah. Akwai buhun riɗi biyu da na ajiye wajen kawunka, zan sayar in turo maka.

Tarkacen bayan gida kuma, duk wani ƙarfen da ba ka gane ba kada ka taɓa, kada ka bar lebura ya taɓa, ƙila ragowar makaman yaƙi ne, ka sanar da hukuma.

Ka turo mini hoton bakin wayar bayan ka kankare, da na cikin tablon a buɗe. Innarka ta ba direban motar Asabar kuka da daddawa ya kawo maka, ta ce ka daina kwana a tsakar gida ba gidan sauro. Ka gaida liman da maƙwabta.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka