Kafin a ɗora wa ɗalibai laifin faɗuwa Bayoloji

Assalamu alaikum, Malam Edita. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a matsayina na malamin kimiyya.

Duk lokacin da sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, sai a dira kan yara, wai ba sa karatu, wai waya ta ɗauke musu hankali. Ba na musun haka. Amma a darasin Bayoloji, a leƙa inda ake koyar da su tukuna.

Bayoloji ilimi ne na ido da hannu. A 1665 masanin kimiyya Robert Hooke ya ga ƙwayoyin halitta ne saboda yana da madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, wato madubin likita. Yau ɗalibi kan gama sakandare bai taɓa ɗora ɓawon albasa a ƙarƙashin madubin likita ba, zanen allo kawai ya kwafa. Ko gwajin sitaci a ganye: a tafasa ganyen, a jiƙa shi a sifirit har koren ya fita, a ɗiga masa aidin, nan take ya koma shuɗi mai duhu, alamar akwai sitaci, abincin da tsiron ya haɗa. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba ya mantawa da yadda tsiro ke haɗa abincinsa da hasken rana. Wanda ya haddace kuwa, da an juya masa tambaya ya rikice. A wasu makarantun ɗakin gwaje-gwajen yana nan, amma a kulle, ba a buɗe shi sai jarrabawa ta matso, don kada a fasa kaya!

Ga cunkoso. Aji cike maƙil, tagogi a rufe, zafi kamar me, dole gyangyaɗi ya kama na baya.

Ba komai ne sai da kuɗi ba. Masanin kimiyya Gregor Mendel ya gano ƙa'idojin gādon halitta ne a wani ɗan lambu, da shukar wani nau'in wake, ya kuma wallafa sakamakonsa a 1866. Ina kira ga shugabannin makarantu su ware ɗan fili a haraba inda kowane aji zai yi shuka, ya auna tsiro, ya lura da ƙwari. Masu duba makarantu kuma, idan sun zo, su nemi a buɗe musu ɗakin gwaje-gwaje, su tambayi ɗalibai ranar da suka shige shi na ƙarshe.

Naka,
Wani malamin Bayoloji