Zuwa ga aminina a Fatakwal: ka tuna Chali?

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Ya ruwan Fatakwal? Mu nan Kano hunturu ya kankama, leɓe duk ya tsattsage, sai man kaɗe. Hajiya tana gaishe ka, ta ce har yau tana jiran busasshen kifin da ka yi mata alkawari.

Autana ne ya jawo wannan wasiƙar. Daren Juma'a an ɗauke wuta, ya karɓi wayata ya shige lungu, can sai na ji yana ƙyaƙyata dariya har da tari. Na leƙa, ashe Chali ne. Chalin nan dai da muke cunkushewa a zauren maƙwabcinmu a Fagge muna kallo a talabijin mara kala, kai kullum a bakin ƙofa don in an yi kiran Isha ka riga kowa tserewa. Wurin da yunwa ta sa ya dafa takalminsa yake kallo: ya ɗora shi a faranti, yana tsotsar ƙusoshin kamar ƙashin kaza, yana nannaɗe igiyar a cokali kamar taliya. Fim ɗin na 1925 ne. Ba a furta ko kalma ɗaya ba, amma ga ɗan shekara shida yana birgima a tabarma.

Mu a da wawa kawai muka ɗauke shi. Ashe Charlie Chaplin shi ke ƙirƙirar labarin, shi ne darakta, shi ne jarumi, daga baya har kiɗan shi ke tsarawa. A Landan aka haife shi a 1889. Uba mashayi, uwa mawaƙiya da taɓin hankali ya kama, yana ɗan shekara bakwai aka kai shi gidan gajiyayyu. Ka ga yunwar da yake wasa da ita ba a bakin wani ya ji labarinta ba. Ya fara fim a Amurka a 1914, a 1919 kuma shi da abokan sana'a uku suka kafa kamfanin United Artists, don kada wani mai kuɗi ya tsaya masa a ka.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. A wani fim nasa na 1931, akwai makauniya mai sayar da fure da za ta ɗauka shi attajiri ne. Ta yaya za a nuna haka babu magana? Sau 342 aka ɗauki wannan fitowar. Dabarar da ya tsaya a kanta ita ce ƙarar rufe ƙofar mota: ta ji, ta ɗauka mai motar ne ya sayi furenta. Fiye da shekara biyu fim ɗin ya ci.

Kuma ka san shi ma ba ya zuwa da cikakken rubutu a fina-finansa na bebaye? A wurin ɗauka yake laluben labarin, kamar dai 'yan camamarmu. Nan na tuna marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, wanda ya bar aikin gandiroba ya kama barkwanci har ya rasu a Disambar 2014. A camama a wancan lokacin sai a faɗa wa ɗan wasa jigon labari a sake shi, cikin 'yan kwanaki an gama, sai kasuwar Ƙofar Wambai. Ni dai ban ga inda Chali ya fi Ibro baiwa ba. Shi dai Chali sutudiyo nasa ne, kuɗi nasa ne, ba wanda ke jiran kaset ranar Litinin. Na san za ka musa, ka saba.

Ƙarshensa ma da ɗaci. Ya yi wa Hitler shaƙiyanci a fim a 1940, amma a 1952 Amurka ta soke masa izinin komawa bisa zargin yana tare da 'yan kwaminis. Ya tare a Suwizalan, bai sake taka Amurka ba sai 1972 da aka kira shi karɓar lambar girmamawa ta Oscar. Ya rasu ranar 25 ga Disamba, 1977, yana da shekara 88.

Tun daren nan autan ke yawo a tsakar gida da takalmina sawu ciki, da sandar Hajiya, yana tafiyar agwagwa. Jiya ta nemi sandar za ta unguwa, sai a bayan randa aka samo ta.

Ka gaida madam da yara. In za ka zo da sallah, kar ka manta da kifin.

Naka har kullum,
amininka na Fagge