Uwata, ga bayanin shukar da na aiko miki

Assalamu alaikum Uwata. Ina fatan kun tashi lafiya, ya maigidan naki da yaran, ya kuma zafi. Mu nan Gwale alhamdulillahi, mamanki na gaishe ki.

Na ba ƙaninki rassa 4 a kwali ya kawo miki, nasan halinsa ajiyewa zai yi a ƙofar kicin ya wuce bai miki bayanin komai ba, shi yasa nace bari in zauna in rubuto miki a nutse, dan maganar waya wucewa take, wannan kuwa kya dinga dawowa kina dubawa. Tun kuna gidan haya kike cewa ranar da kuka tare a naku sai kin shuka sarauniyar dare, shukar nan mai fure da daddare da ake ce wa 'ya'yanta diragon furut, toh Allah Ya nufa kun tare, ga ta nan.

Kar ki dasa yau. Nasan zaki ƙagu amma ki bar su a inuwa inda iska ke shiga kwana 5 zuwa 7 har bakin yankan ya bushe ya yi ɓawo, in kika binne ɗanyen yanka a jiƙaƙƙiyar ƙasa daga can ƙasa zai fara ruɓewa ke kuma kina ganin sama kore shar kina murna. Na yi alama da biro a gindin kowanne, wajen alamar shi zai shiga ƙasa, kar a kifa shi. Biyu na ɗaura musu jan zare, su in sun yi 'ya'ya aka yanka cikin ja ne, sauran biyun cikinsu fari, kuma da gangan na haɗo miki iri biyu, zan zo kan dalili.

Mutane in sun ganta sai suce ai ƙerana ce. Ba ita bace, ƙerana in kin yanka wani farin ruwa take fitarwa mai illa ga ido, wannan ba ta da shi. Asalinta kudancin Meziko ne da ƙasashen Amurka ta Tsakiya, kuma a can ba a fili cikin rairayi take ba, a daji take bin jikin itatuwa da duwatsu tana hawa da wasu 'yan saiwoyi da ke fitowa a jikin rassanta. In kin gane wannan kin gane rabin aikin, dan wadda ta saba rayuwa a jikin itace tana son abin hawa, tana son 'yar inuwa da tsakar rana, tana shan ruwa amma ba ta yarda ya kwanta mata a gindi ba. Faransawa ne suka kai ta Biyetnam, yau yankin Binh Thuan da ke kudancin ƙasar gonakinta ne iya ganinki, 'ya'yan ne kike gani a manyan shaguna da tsada ana ce musu diragon furut. Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa tun farko shi ne yankin nasu yana wajen digiri 11 ne a arewa mu Kano muna 12, kinga tsawon yininmu da nasu kusan ɗaya, kuma su ma wuri ne mai zafi da ƙarancin ruwa.

Wuri. Ki sa ta ta gefen da ranar safe ke bugawa, daga azahar kuma katanga ko inuwar ɗaki ta rufe ta. Kar ki manna ta da katangar da rana ke gasawa har la'asar, zafin Maris zuwa Mayu in ya doshi digiri 40 rassan rawaya suke yi su ƙone, in kin ga sun fara ɗashewa ki samu buhu ki ɗaura ta sama har damina ta sauka, launinsu zai dawo. Tunda tsakar gidanku duk intalok ne, ko ki sa a cire guda kaɗan a haƙa, ko ki nemi babban mazubi, rabin duro ma ya yi, amma a huda gindinsa sosai ba huji ɗaya ko biyu ba, a ɗora shi kan bulo yadda ruwa zai fice.

Ƙasar kuma kar ki ɗebo jar ƙasar nan mai danƙo ki zuba haka nan. Yashin gini mai tsakuwa-tsakuwa kashi ɗaya, ƙasa mai kyau kashi ɗaya, takin awaki ko na shanu wanda ya kwana biyu ya ruɓe ya daina wari kashi ɗaya, ki farfasa gawayi ki zuba a ciki, in da buntun shinkafa ki ƙara. Ɗanyen kashin kaji kar ya matso kusa, ƙona saiwa yake. Gwajin mai sauƙi ne, ki kwara ruwa ki tsaya ki gani, in ya shige nan take toh ta yi, in ya tsaya yana kallonki ki ƙara yashi. Ba a binne reshen da zurfi, santimita 5 ya isa, sai ki ɗaure shi a jikin turke.

Turken nan dan Allah ki gaya wa maigidanki kar ya yi ƙyashin kuɗinsa. Katako gara zata cinye, kuma ranar da zai karye lokacin shukar ta yi nauyi ta yi shekaru, asarar ta fi ciwo. A yi na siminti da rodi a ciki, ya fito sama da ƙasa kamar ƙafa 5, a ɗora tsohuwar tayar babur a kansa a kan rodi biyu da aka gicciya. Rassan 4 duk turke ɗaya zasu hau, kowa da gefensa. Ki dinga ɗaurewa da yankin tsohuwar atamfa, ba waya ba ba igiyar roba ba, waɗannan shiga jikinta suke. Duk tohon da ya fito ta gefe kafin ta kai sama ki cire shi ko da ya baki sha'awa, so muke ƙarfinta ya tafi sama. In ta wuce tayar sai ki tsinke kanta, nan zata yi rassa su zubo ƙasa ta kowane gefe, toh a jikin waɗannan da suka rataya suka ƙosa fure ke fitowa. Na sha ganin wadda aka bari tana bin katanga shekara da shekaru ta yi tsawo har ta leƙa maƙota amma da ƙyar take fure, mai ita har ya fara zargin ko namiji aka ba shi.

Yanzu maganar da ta fi damuna, ruwa. Na sanki da tausayi Uwata, tun kina yarinya in kin ga abu sai kin ba shi, amma wallahi duk wadda na gani ta mutu a gidajen mutane yawan ruwa ne ya kashe ta, ban taɓa ganin wadda ƙishirwa ta kashe ba. Satin farko bayan dasawa kar ki ba ta komai. Daga nan yatsanki shi ne ma'auni, ki tura shi cikin ƙasar, in kin ji damshi ki ajiye butar ki tafi harkarki. Da bazara zaki ga tana nema kamar sau 2 a sati, da hunturu kuwa kusan barci take, ko kwana 10 ta yi ba komai, sai dai ƙurar nan da ke rufe mata jiki ki ɗan feshe ta da hantsi. Da damina ki janye hannunki gaba ɗaya, aikinki a Agusta shi ne bayan kowane ruwa mai ƙarfi ki leƙa ki tabbatar bai taru a gindinta ba. Ki ja wa mai aikinki da yaran kunne, ruwan wanki da na wanke-wanke ba na shuka bane, kuma kar kowa ya wuce ya zuba mata ragowar na buta, mutum 5 in kowa ya tausaya mata sau ɗaya a yini shikenan an gama da ita. In kin ga wani wuri ya yi laushi ya yi rawaya yana ruwa-ruwa, ki yanke da wuƙa mai tsabta har sai kin kai inda yake da lafiya, ki barbaɗa toka, ki bar iska ta busar.

Taki kaɗan-kaɗan, na gida a farkon damina, NPK ɗan barbaɗe nesa da gindi. Yuriya in ta yi yawa rassa zaki samu ba fure ba. In kin ga tururuwa na sintiri a jikinta ki duba lungunan, akwai wasu fararen ƙwari masu maƙalewa suna tsotse ta, ruwan sabulu ko jiƙon ganyen darbejiya ya ishe su. Ragon layya kuma a ɗaure shi nesa, ƙayarta gajeriya ce ba ta hana shi komai.

Sai haƙuri. Reshe irin wannan yakan kai shekara 1 zuwa 2 kafin ya fara fure, na ƙwaya kuwa sai ya haura shekara 5, shi yasa ban aiko miki da ƙwaya ba. Lokacinta shi ne sanda yini ya yi tsawo, daga wajen Mayu zuwa Satumba, manoman Biyetnam ma ƙwan lantarki suke kunna mata da daddare dan ta yi a wajen lokacinta, mu ba ruwanmu da wannan. Zaki fara ganin ɗan ƙullutu kore a gefen reshe daidai inda ƙaya take, cikin sati 3 ya miƙe ya kusa santimita 30. Ranar da zai buɗe zaki gane, da la'asar bakinsa zai kumbura ki hango fari yana leƙowa ta tsakanin koren. Ranar ko biki ake kar ki kai dare a waje. Bayan magariba zai fara saki, ana idar da isha ki fito da kujera, in kin zuba ido har motsinsa zaki gani, kafin ƙarfe 10 ya buɗe gaba ɗaya fari tas faɗinsa ya kusa faifai, cikinsa cike da zarurruka rawaya, ƙamshin kuma har soro. Ki tashi yaran ko sun yi barci, ba komai dan sun makara makaranta rana ɗaya, kuma ki kira ni ko ƙarfe nawa ne. Dare ɗaya yake yi, kafin hantsi ya langaɓe, wannan furen ba zai sake buɗewa ba.

A daren nan ne kuma aikin 'ya'ya yake. A ƙasarsu jemagu da manyan malam-buɗe-littafin dare ne ke kai garin fure daga wannan zuwa wancan, mu nan kar ki dogara da su. Ki samu burushin kwalliya sabo mai laushi ko gashin kaza, ki tara kofi a ƙarƙashin furen ki kaɗa zarurrukan, gari rawaya zai zubo, sai ki shafa shi a kan abin nan mai yatsu-yatsu da ya fito a tsakiya. Wadda cikin 'ya'yanta fari ne yawanci garin kanta ya ishe ta, amma mai ja sau da yawa sai an kawo mata na wata, dalilin iri biyun kenan. In ba su buɗe dare ɗaya ba ki rufe garin a busasshiyar kwalba ki sa a firji, yana ɗan kwana biyu. In ya kama zaki ga gindin furen ya zauna kore yana ƙiba, in bai kama ba rawaya zai yi ya faɗi, kar ki damu wani na zuwa. Daga fure zuwa nuna wata 1 ne zuwa kwana 45, ki bari ya yi ja gaba ɗaya ya ƙara kwana 3 ko 4 a jiki kafin ki yanka dan ba ya ƙara zaƙi bayan an cire shi. Jan in yaran suka sha da yawa fitsarinsu zai iya canza launi, ba jini bane kar hankalinki ya tashi.

Na yi magana da birkilan da ya mana namu turken, yace ranar Asabar bayan azahar zai iya zuwa, ki shaida wa maigidan naki ya tanadi siminti da rodi, tayar ina da ita zan ba shi ya taho da ita. Ki turo min hoton inda kike son sawa kafin a haƙa in duba yadda rana ke faɗawa wajen. Ki shafa min kan yaran. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa gidan ya zama na zaman lafiya.

Babanki.